Tayar gaba ta zame min a gangaren Shere: haƙori ne ko iska?

Ɗan Rikkos: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ina da tambaya, kuma ina roƙon waɗanda suka daɗe a harkar hawan keke a daji su ba ni amsa tsakani da Allah. Ranar Asabar na bi ta bayan dam ɗin Lamingo na haura wajen tsaunukan Shere na Jos. Hawa lafiya lau, kamar ana tura ni. Da na juyo, a wata 'yar kwana da ba ta kai ta kawo ba, inda ƙasa ke da tauri amma ƙananan tsakuwa sun lulluɓe ta, tayar gaba ta kwashe da ni. Ban taɓa birki ba, kuma ba wani gudu nake ba. Sai ganina na yi a ƙasa, gwiwar hannuna ta ƙuje, wando ya yage. Tayoyin sababbi ne, watansu biyu, 29 x 2.2, wato girma inci 29, faɗi inci 2.2, masu ƙananan haƙora a jere dab da juna, irin na tseren daji. A kwalta da tsandauri ba ni da ta cewa a kansu. To tayar ce ba ta dace da ƙasarmu ba, ko daga wajena matsalar take?

Maman Nanle: Kai, sannu ƙanina. Allah ya kiyaye gaba. Da hular kwano a kanka dai ko?

Ɗan Rikkos: Amin Anti, na gode. Tana kaina, ita ce ma ta daki dutse.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Hular nan ka duba ta da kyau, in ta tsage ko ta loɓa daga ciki ta gama aikinta, sai wata. Kafin a yanke wa taya hukunci, faɗa mana abu uku: nauyinka, iskar da ke cikin tayar ranar, da kuma ko da tiyub kake hawa ko tubles, wato taya marar tiyub.

Ɗan Rikkos: Baba, kilo 68 nake. Da tiyub. Iska kuma wajen mai facin bakin titinmu aka sa, ya ce geji 45 gaba da baya. A jikin tayar an rubuta har sama da haka, shi ya sa ban damu ba.

Baban Ummi: To ga ɓarawonka nan. Lambar da ke jikin taya iyaka ce da aka ce kada a wuce, ba ita ake so a hau da ita a daji ba. Mai faci ya saba da keken ɗaukar kaya da babur, shi a wurinsa taya mai kyau ita ce wadda yatsa ba ya lotsawa. PSI 45, wato awon iskar da geji ke nunawa, a ƙarƙashin mutum mai kilo 68, tayar ta zama kamar ƙwallon da aka cika tam. Wurin da take taɓa ƙasa ya ragu, haƙoran tsakiya kaɗai ke aiki, kuma duk tsakuwar da ta taka sai ta yi tsalle a kanta maimakon ta rungume ta. Ka zuba gero a kan siminti ka taka da takalmi mai tauri, ka san abin da zai biyo baya. Haka tsakuwa take a kan tsandauri. Da tiyub, a nauyinka, ni zan fara da 26 a gaba, 29 a baya, in hau in ji, sannan in rage ko in ƙara ɗaya-ɗaya.

Ɗan Bukuru: Baba, da girmanka, amma ni ban yarda iska ce kaɗai ba. Waɗannan tayoyin masu haƙoran ɓera an yi su ne don filin tsere da aka gyara. Mu nan Filato dutse ne da marmara da tsakuwa. Tun da na sa taya mai manyan haƙora gaba da baya ban sake faɗuwa a kwana ba, shekara biyu ke nan. Ya cire su kawai ya huta.

Injiniya Gwarinpa: Ɗan Bukuru, ka taɓa kallon tseren duniya na 'yan shekarun nan kuwa? Filin da kake cewa an gyara, duwatsu ne jibga-jibga da saiwoyi, wani wurin ko da ƙafa sai ka dafa. Kuma da irin tayoyin nan suke bi, su Maxxis Aspen da Rekon Race, da Race King ta Continental, da Mezcal ta Vittoria. Abin da ya canza shi ne faɗi. Da can 2.0 da 2.1 ake yayi, yanzu da yawansu sun koma 2.35 da 2.4, ba tiyub, iska kusan 20 ko ƙasa da haka. Faɗin da ƙarancin iskar su ke riƙe su.

Ɗan Bukuru: Su ai sana'arsu ce, kuma akwai makaniki yana jiransu da wata ƙafar a gefen fili. Yaron nan shi kaɗai ne a bayan Shere. In gefen taya ya yage masa a can wa zai kira?

Injiniya Gwarinpa: Nan kam ka yi gaskiya, ban musa ba. Amma ka raba magana biyu: girman haƙori daban, ƙarfin gefen taya daban. Akwai mai ƙananan haƙora da aka ƙara wa gefenta kariya. A Maxxis za ka ga an rubuta EXO, a Continental kuma ProTection. Wannan nauyin da ya ƙaru bai kai wahalar da manyan haƙora ke ba mutum a doguwar tafiya ba. Mu nan Abuja daga gida sai na yi kwalta mai nisa kafin in kai wajen Mpape ko dam ɗin Usuma. Na taɓa sa manyan haƙora a baya, ƙugin tayar kaɗai a kwalta ya isa ya gaya maka inda ƙarfinka ke tafiya.

Usta na Gangare: Salama alaikum. Yanzu na rufe shago na ga an tara magana. Ni dai abin da ake kawo min nake gani, shi zan faɗa. Masu rage iska da tiyub su yi hattara. A duk sati sai an kawo min tiyub mai huji biyu gefe da gefe, kamar saran maciji. Ba ƙaya ba ce wannan. Taya ce ta lotse a kan bakin dutse, rim ya datse tiyub. Faci ɗaya ba ya rufe su, wani lokaci ma rim ɗin ya loɓa. Maganar Baban Ummi daidai ce, amma Ɗan Rikkos ka sayi famfo mai geji naka na kanka. Yatsa ba ya bambanta 24 da 30, kuma a tsakanin nan ne ake samun riƙo ko a fasa tiyub.

Sai wani abu da ba a taɓo ba, faɗin rim daga ciki. Kekunan da ake kawowa gwanjo da yawa rim ɗinsu siriri ne, milimita 19 ko kusa da haka. In ka ɗora taya mai faɗi a kan siririn rim ka kuma rage iska sosai, a kwana za ka ji ta tana lanƙwashewa a ƙarƙashinka kamar za ta fita. Taya 2.35 zuwa 2.4 ta fi zama daram a rim mai 25 zuwa 30. Kada kowa ya ji Injiniya ya ce 2.4 ya ruga kasuwa bai auna nasa ba, bai kuma duba ko za ta shige tsakanin ƙarafan baya ba.

Maman Nanle: Usta, Allah ya saka. Ni bari in faɗi abin da na gani a ɓangarenmu, don Rayfield zuwa bayan Bukuru ƙasar ba irin ta Shere ba ce. Wajen tsofaffin ramukan kuza akwai tulin ƙasar da aka haƙo tun zamanin Turawa, ruwa ya wanke ta, yashi ya taru a duk inda hanya ta yi kwari. Kana tafe a kan ƙasa mai tauri, taku goma sai ka faɗa cikin yashi mai zurfi. A nan haƙori bai taɓa cetona ba, babba ko ƙarami, don babu abin da zai kama. Abin da ke fitar da ni shi ne taya mai faɗi da iska kaɗan, in ja jikina baya a sirdi, in saki kan keken ya ɗan yi rawarsa, in ci gaba da taka feda a giya mai sauƙi. Ranar da na tsorata na damƙe birkin gaba, tayar ta nutse nan take, na sauka ta gaba. Kuma akwai wata hanya cikin itatuwan turare da nake so ƙwarai, busasshen ganye ya rufe ƙasa, ga saiwoyi a ƙarƙashi. Da rani babu komai. Ruwa na sauka saiwar nan ta koma sabulu, sai dai ka tsallake ta a miƙe, in ka zo mata a karkace ta kai ka ƙasa.

Autan Farin Gada: Manya ina wuni. Ni kekena mai taya inci 26 ne, tsohon yayi, kuma kuɗin sabuwar taya mai suna ya fi ƙarfina. Na ga wasu na gwanjo haƙoransu ba su cinye ba ko kaɗan. In saya?

Usta na Gangare: Auta, kafin ka biya ka danna haƙorin da farce. In ya lotsa ya dawo, da sauran rai. In ka ji shi kamar robar bokiti, bar musu kayansu. Sannan ka lanƙwasa gefen tayar a rana ka duba, in ka ga ƙananan tsaga ko zare ya fara leƙowa, ta tsufa a ajiye. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. Na sha ganin taya haƙora cif-cif amma a kan dutse ba ta riƙe komai. Ka duba lambar 559 a jikinta, ita ce ta rim ɗin 26. Mai 584 ta 27.5 ce, mai 622 ta 29, kada a sayar maka da wadda ba za ta hau ba. In kuɗin taya ɗaya gare ka, sayi mai kyau ka sa a gaba, tsohuwar ta zauna a baya.

Autan Farin Gada: Na ɗauka baya ce ke cinyewa da wuri, ita ya kamata a sa wa sabuwa.

Baban Ummi: Baya ce ke cinyewa, haka ne ɗana. Amma in baya ta zame, sau da yawa za ka iya gyarawa ka wuce, ko ka sa ƙafa. In gaba ta zame ba ta jiran kowa, tambayi Ɗan Rikkos. Wannan ne ma ya kawo ni inda nake son zuwa tun ɗazu. Gardamar Ɗan Bukuru da Injiniya, kowa ya riƙe rabin gaskiya ne, don ba dole ba ne gaba da baya su zama iri ɗaya. Aikinsu ya bambanta. Baya tana ɗauke da yawancin nauyi, ita ke tura keke, ita ce ke jan ƙarfinka in haƙoranta sun yi yawa. Gaba ita ke juyawa, ita ke yin mafi yawan aikin birki a gangara. Kamfanin Schwalbe na Jamus ma a bibbiyu ya fitar da nasa, Racing Ray don gaba, Racing Ralph don baya. A Vittoria mutane da yawa na sa Barzo gaba, Mezcal baya. Ni abin da nake dubawa a tayar gaba shi ne haƙoran gefe. Su zama dogaye, masu gindi, waɗanda in ka tura su da babban yatsa ba sa kwantawa. Su ne ke huda tsakuwar nan su tarar da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi lokacin da ka kwantar da keke. A irin kwanar da ta kayar da yaron nan, haƙoran tsakiya ba su da aikin yi.

Shekarata goma sha a tsaunukan nan, kuma abin da ya sa nake nacewa shi ne ƙasar Jos ba ta tsayawa iri ɗaya ko na kilomita biyu. Garin kansa yana kan tudu kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800. A fita ɗaya za ka taka kwalta, ka taka burji, ka hau falalen dutse, ka ratsa yashin rafi, ka bi hanyar shanu. Babu tayar da ta fi kowacce a duk waɗannan. Ka zaɓi wadda kuskurenta ba zai kai ka asibiti ba, ka haƙura da ɗan gudun da za ka rasa.

Ɗan Bukuru: To Baba ai ka dawo kan maganata, manyan haƙora.

Baban Ummi: A gaba, kuma matsakaita. A baya ban bi ka ba.

Ɗan Bukuru: Bari Agusta ta zo mu gani. Duk wanda ya taɓa shiga jar lakar nan ta hanyoyin gona bayan ruwan kwana uku ya san abin da nake faɗa. Taya mai haƙora dab da dab, juyi biyar ta cika, ta koma sumul kamar randa. Lakar ta taru a fok, wato ƙarafan da ke riƙe tayar gaba, ta taru a bayan feda, ƙafa ta ƙi juyawa, sai ka nemi tsinke kana ƙwaƙula. Tawa da ke da tazara tsakanin haƙora tana watsar da lakar da zarar na ɗan ƙara gudu.

Injiniya Gwarinpa: A laka na sallama maka gaba ɗaya. Tazara ce ke aiki a can, kuma a nan ne faɗin da nake yabo yake zama matsala, don 2.4 ba ta barin wurin da laka za ta wuce. Mai 2.2 da haƙora a warwatse ta fi. Sai dai akwai lakar da babu tayar da ke maganinta, mai yumɓu, wadda ke kama takalmi ma. Ita dai a kauce mata. Abin da nake so mu yi magana a kai shi ne jiƙaƙƙen dutse, don shi ne ya fi ba ni tsoro a nan da can wajenku. Busasshen falalen dutse yana da kaushi, kusan kowace taya tana manne masa, ƙananan haƙora ma sun fi daɗi a kai don roba mai yawa ce ke taɓa shi. Ko ya jiƙe, in tsaftatacce ne, da sauran riƙo. Amma baƙin layin nan da ruwa ke bi, inda gansakuka ta kama, wannan ko da ƙafa ka taka sai ka zauna. A kan dutse haƙori ba shi da abin hudawa, taushin robar da ƙarancin iska ne kawai ke riƙe ka. Shi ya sa kamfanoni ke sayar da taya ɗaya da roba iri-iri. Mai taushi ta fi kamawa, ta fi saurin cinyewa, musamman ga mai yawan bin kwalta.

Maman Nanle: Tunda Usta na nan, a taɓa mana maganar ƙaya. Hanyoyin ƙauye da ake shinge da ƙerana, in an sassare ta aka zubar a gefe, wata rana faci uku na yi kafin in iso gida. Tun da na koma tubles na samu sauƙi. Na taɓa zare ƙaya daga tayar gaba, farin ruwan da ake zubawa a cikin tayar tubles don toshe huji ya ɗan yi tsartuwa, na juya ƙafar sau biyu ya toshe, na ci gaba da tafiyata.

Usta na Gangare: Haka ne Hajiya, ga ƙaya babu kamarsa, kuma saran macijin nan na tiyub ya tafi, shi ya sa mai tubles ke iya sauka zuwa 20 ko 22 a gaba. Amma a faɗa wa yara gaskiya. Sai rim da taya duka sun zama na tubles, ba kowace taya ake cire wa tiyub ba. Ruwan kuma yana bushewa. Da hunturun nan na buɗe wata taya da mai ita ya ce wata uku da zubawa, babu ko ɗigo, sai wani dunƙulen roba kamar ƙullin danƙo yana yawo a ciki. Ka riƙa girgiza ƙafar kusa da kunne, in ba ka ji motsin ruwa ba lokacin ƙari ya yi. Kuma ko da tubles, tiyub ɗaya ya zauna a jaka. In dutse ya yanka gefe, ruwa ba ya toshe yanka.

Ɗan Rikkos: Na gode ƙwarai, na karanta komai har sau biyu. Kuɗin tubles babu yanzu. Zan fara da famfo mai geji, in koma wurin da iskar da Baba ya ce.

Baban Ummi: In ka je, ka ƙara da wannan. Ka gama birkinka kafin ka shiga kwanar, ƙafar waje tana ƙasa ka danna ta, ƙirjinka ya ɗan sauko wajen kan keke. Mai tsoro yakan ja jiki baya, sai tayar gaba ta rasa nauyin da zai dasa haƙoranta. Kuma kada ka tafi kai kaɗai wannan karon.

Ɗan Rikkos: Jama'a barkanmu da dare, na dawo da labari. Yau da safe mun je ni da Auta. Na sa 26 gaba, 29 baya. Abu na farko da na ji, hannuwana ba su yi tsami a burji ba kamar da. Kwanar nan na bi ta sau huɗu. Uku lafiya, ina jin tsakuwa na ƙara a ƙarƙashina amma keken na bin inda na nufa. A na huɗu na ƙara gudu da gangan, sai na ji gaban ya fara ja waje, a hankali dai, har na samu na miƙar da shi. Ke nan iskar ta gyara da yawa, amma maganar haƙoran gefe tana nan, na tura su da yatsa kamar yadda Baba ya ce, gajeru ne kuma suna kwantawa. A hawan falalen dutse baya ba ta zame ko sau ɗaya ba. Wajen dawowa na ji rim na baya ya taɓa dutse sau ɗaya, ƙwas, tiyub dai bai fashe ba. A kwalta kuma keken ya ɗan yi nauyi, ba zan ɓoye ba.

Ɗan Bukuru: Alhamdu lillahi da ka dawo lafiya. Ina da wata ta gaba 2.35 da na cire, da sauranta sosai. Karɓi ka gwada sati biyu kafin ka kashe kuɗinka.

Usta na Gangare: Ƙara ɗaya ko biyu a baya, tunda rim ya taɓa. In ka karɓo tayar Ɗan Bukuru ka biyo da keken shago bayan la'asar, in cire taya in auna rim ɗin tukuna, mu ga ko zai ɗauki 2.35.